Idon Ɗinkakkiya

Tun da Tela ya rasu, matarsa ba ta ƙara sa gishiri a tukunya ba. Har yanzu matar Tela ake ce mata a layin, ita ma ba ta so a canja mata suna.

Hawan jini ne ya ɗauke shi. Likitan asibiti ya faɗa musu tun da wuri, a gabanta, yana kwance masa abin awo daga dantse: jinin ya hau, a rage gishiri, a rage maiƙo, a yawaita cin ganye. Ita ta riƙe maganar kamar karatu, shi ya riƙe ta da wasa. Yakan ɓoye ƙullin gishiri a aljihun keken ɗinki, cikin allurai da alli, in ta kai masa abinci shago sai ya jira ta juya baya ya barbaɗa. Ba sau ɗaya ta kama shi ba.

"Mutuwa kake nema, ko?"

"Ke dai miƙo cokali. Wannan girkin naki ko tunkiya sai ta shinshina ta bar shi."

A watanninsa na ƙarshe idanunsa suka kaɗa suka yi ja, kamar wanda hayaƙi ya shiga. Ya ce ɗinkin baƙin yadi ne. Ran nan da hantsi ya kifa kai a kan keken, ƙafarsa tana kan feda, rabin wuyan riga yana ƙarƙashin allura. Da aka kira ta ta iso, ba ta ga komai a fuskarsa ba sai idon. Ja wur.

Abin da ya bar mata shi ne keken, da tumaki bakwai a rumfar kwano da ke bayan gida. A cikinsu akwai Ɗinkakkiya. Tana 'yar ƙarama kare ya yage mata kunne, Tela ya ɗora ta a cinya ya ɗinke da allura da zare, ɗinki mai kyau, ƙanana-ƙanana, irin wanda yake yi wa aljihun manyan mutane. Kunnen ya warke da sawun allurar a jiki, sunan kuma ya bi ta. Ita ce take fara jin takunsa tun daga bakin layi. Lokacin da ya rasu tunkiyar ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba, shi da kansa ya shafa ya faɗa. Matar Tela ta sa a ranta cewa ko me za ta rasa a duniya, wannan tunkiyar da abin da ke cikinta ba za su bi shi ba.

Sai dai ita ba ta taɓa kiwo ba. Gani kawai take yi tana wanke-wanke. Kullum da safe kafin ya tafi shago, Tela yakan kama su ɗaya-ɗaya, ya matse a tsakanin gwiwoyinsa, ya ja fatar idon ƙasa da babban yatsa, ya leƙa, ya ce, "Ja ne," ya saki. Mutum ne mai rowar magana, bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Da rana tsaka in ya dawo cin abinci sai ya ɗauki lauje ya hau tudun da ke bayan layin, ya yanko ciyawa, ya baza ta a kan rufin rumfar ta sha rana ta yi laushi, sannan ya haɗa musu da harawa da dusa. Akwai kuma dunƙulen gishirin lasa da ya rataye musu da igiya, duk sun lashe gefensa ya yi santsi.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ta shiga rumfar ta yi yadda ta ga yana yi. Ta matse Ɗinkakkiya a gwiwa, ta ja fatar idon.

Ja wur.

Ta kama ta biyu, ja. Ta uku, ja. Ta zauna a kan kwanon dusa ta ɗora hannu a ka. Ashe abin da yake gani ke nan kullum. Ashe faɗa yake yi, ita ba ta ji ba. Ciwon da ya kashe shi ne a jikin dabbobinsa, ga kuma gishiri an rataye musu suna lasa safe da yamma.

A ranar ta kwance dunƙulen. Ta so ta jefa shi a bola, amma ƙullin igiyar nasa ne, sai ta tura shi ƙarƙashin gado. Dusa ma ta ɗauke, don a ganinta ita ce maiƙon dabba. Harawa kuwa busasshen abu ne, likita kuma ganye ya ce.

Damina ta sauka. A ƙasan layin, inda ruwan kwalbati yake taruwa, ciyawa ta tashi har ƙugu, kore shar, kamar a ci. Dabbobin unguwa duk can suke yini, suna kiwo suna zubar da kashi. Ta yi mamakin Tela da yake barin wannan albarka ya hau tudu neman ciyawar da ba ta kai ta ba, ga shi sai rana ta take. Ta ce shago ne ya hana shi sammako. Ita da ba abin da ya tsare ta, tun raɓa ba ta bushe ba take isa, zanenta ya jiƙe sharkaf, ta yanko tun daga tushe, ta ɗauko a ka ruwan yana bin wuyanta. Ta zube musu ɗanya, da sanyinta. Suka ci har cikinsu ya yi tulu.

Kuma maganin ya yi aiki, a ganinta. Jan idon ya fara sauka. Ya koma kamar cikin leɓe, daga nan ya koma kamar tafin hannu, daga nan ya yi fari kamar alli. Ranar da ta ga farin a idon Ɗinkakkiya, ranar ce ta fara yin murmushi tun bayan rasuwar. Ta riƙe kunnen mai ɗinki ta ce, "Kin gani? Da ya ji maganata kamar ke, da yana nan." Har ƙasan haɓarsu ya cika ya yi luƙui, ta ce ƙiba ce ta fara zuwa.

Sai ƙaramin rago ya fara zama a baya. In ya yi taku kaɗan sai ya tsaya yana haki. Wata safiya ta dawo da ciyawa ta tarar da shi a miƙe. Ta ce nasa jinin ne ya riga ya yi nisa, ta ƙara musu ciyawa. Ba a jima ba wata tunkiya ta zubar da cikinta, wata kuma ta kwanta a bakin kwanon ruwa ba ta ƙara tashi ba. Matar Tela ta daina cin abinci sosai. Takan tsaya a rumfar tana buɗe idanu ɗaya bayan ɗaya, duk fari fat, tana tambayar kanta me kuma ya rage ba ta yi ba.

Ƙanin Tela mahauci ne, Mai Wuƙa take kiransa tun tana amarya. Da can in ya shigo gidan, "matarmu" yake ce mata, ya buɗe tukunya ba izini, ta bi shi da muciya. Tun da yayansa ya rasu ya koma ce mata Yaya, ya rage zuwa, don gidan yana yi masa nauyi. Labarin mutuwar dabbobin ne ya kawo shi, da yamma, da warin mayanka a jikinsa.

"Yaya, an ce kina rabon gado da ungulu, ni ba a kira ni ba."

"Bakinka dai bai mutu ba. Shigo ka gani, ai sauran sun yi kyau. Dubi haɓar Ɗinkakkiya."

Ya durƙusa. Ya bi bayanta da tafin hannu, yatsunsa suna ƙirga ƙashi. Ya danna ƙasan haɓar da yatsa, wurin ya lotsa, ya ɗauke yatsan, ramin bai cike ba. Ya buɗe bakinta ya dubi dasashi. Wasan ya bar fuskarsa.

"Wannan ba ƙiba ba ce, Yaya. Ruwa ne. Me kike ba su?"

"Ciyawa. Sabuwa, kullum. Na sauke musu jinin."

"Kin yi me?"

"Jinin. Ya hau musu kamar na yayanka. Da ka ga idonsu da na karɓe su, ja wur. Na cire gishirin, na cire dusa. Yanzu duba, ya sauka."

Mai Wuƙa ya dube ta, ya dubi wurin da gishirin yake rataye a da, babu komai. Ya share fuska da hula.

"Kar ki ƙara ba su komai," ya ce. "Ina zuwa."

Washegari ya dawo a babur da likitar dabbobi a bayansa, wata yarinyar mace mai dogon takalmin roba da jaka a kafaɗa. Ta gaida matar Tela da ladabi, ta shiga rumfar ba ƙyama. Ita ma idon ta fara buɗewa. Sannan ta sa Mai Wuƙa ya ɗaga kan Ɗinkakkiya, ta laluba jijiyar wuya, ta zuƙi jini a sirinji, ta ɗaga shi sama wajen haske.

"Mama, zo ki gani."

Matar Tela ta matso. Abin da ke cikin sirinjin bai yi kama da jini ba. Kamar ruwan da aka wanke nama ne, ana hango yatsan likitar ta cikinsa.

"A ina kike yankan ciyawar?"

"Wajen kwalbati. Da sassafe, tun tana da raɓa."

Likitar ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce wurin da dabbobi suke kashi, ga damshi, nan ƙwan tsutsar ciki yake ƙyanƙyashewa. Ƙananan, ido ba ya ganinsu, suna hawa ganyen ciyawa da sanyin safiya su zauna cikin raɓa. In rana ta yi zafi sukan koma ƙasa, in an shanya ciyawar da yawa sukan mutu. In kuwa tunkiya ta haɗiye su da rai, sai su kama tumbinta su yi ta shan jini.

"Ita kuma ciyawar damina, Mama, kyan ido gare ta, amma yawancinta ruwa ne. Tana cika ciki, ba ta isa ta gina jini ita kaɗai ba. Dusar da harawar da gishirin lasar su ne suke mayar da abin da ya tafi. To ana sha ta ƙasa, ba a zubawa ta sama."

"Amma likitan asibiti ya ce..."

"Na mutum daban ne. Waɗannan ba yawan jini ke damunsu ba. Babu ne."

Matar Tela ta dafa ginshiƙin rumfar. Can ta ce, da wata murya da ba tata ba, "To shi da yake buɗe idonsu kullum yana cewa ja ne?"

Likitar ta dubi Mai Wuƙa, ya sunkuyar da kai.

"Godiya yake yi, Mama," ta ce. "Ja shi ne lafiya."

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta tsaya ta riƙe kowace tunkiya aka ɗura mata maganin tsutsa, aka yi mata allurar ƙarin jini. Da aka zo kan Ɗinkakkiya likitar ta daɗe tana shafa cikin.

"Sauran ina sa rai. Wannan kuwa su biyu ne suke shan ɗan abin da ya rage, ga haihuwa ta matso. Ba zan yi miki alkawari ba."

Suna fita ta durƙusa ta jawo dunƙulen daga ƙarƙashin gado, duk ƙura da yana. Ta wanke shi ta rataye da ƙullin Tela. Sauran suka taso suna layi kamar mashaya, suka hau lasa har suna ture juna. Ɗinkakkiya ta ɗaga kai ta duba, ta kasa tashi. Matar Tela ta jiƙa yatsa ta goga a gishirin, ta tsaya da shi a sama. Abin da ta yi shekaru tana ƙwacewa daga hannun mijinta ne. Ta rufe ido ta tura yatsan cikin bakin tunkiyar. Harshen da ya lashe shi sanyi ƙalau.

Daga ranar ta zama kamar mahaukaciya. Rana tsaka take hawa tudu da lauje, mutane suna fakewa a inuwa ita tana yanka. In ta baza a rufi hadari ya taso, sai ta kwashe da gudu ta kai ɗakin Tela, ta baza a ƙasa, a kan gado, har a kan keken ɗinki. Ta dama dusa da ruwan ɗumi tana ɗura wa Ɗinkakkiya da cokali. Da ta ga kwanciya a gefe ɗaya tana sa ta kumburi, ta haɗa ƙyallayen da suka rage a shago, ta yi ɗinkin hannu, karkatacce, wanda da Tela ya gani sai ya yi dariya har ya ƙware, ta rataye ta da shi a jikin ginshiƙi don ƙafafun su taɓa ƙasa. Safe, rana, yamma, tana buɗe idon.

"Yi ja," take cewa. "Don Allah yi ja. Ko kaɗan."

Na sauran ya fara juyawa, kumburin haɓarsu ya saɓe, suka fara kuka in sun ji motsin kwano. Na Ɗinkakkiya ya tsaya fari kamar ba a yi komai ba.

Mai Wuƙa yana zuwa kullum in ya tashi daga kasuwa, ya kawo harawa, ya tsaya a bakin rumfa. Wuƙarsa tana ƙugu, cikin kube, bai taɓa ta ba, amma tana ganinta.

"Yaya, in ta kai ga haka, kar a bari ta tafi a banza."

"Fitar min da wuƙar nan daga gida."

"Ni ma fa yayana ne. Ina wurin ya ɗinke kunnen nan, ni na riƙe mata ƙafa, har ta yi min fitsari a wando."

"Ta yi daidai. Fita."

Ya fita, amma bai yi nisa ba. Ya koma yini a dakalin ƙofar gida, yana hira da masu wucewa da rabin hankali.

Naƙudar ta zo da hantsi, ana yayyafi. Matar Tela ta kwance ƙyallen ta kwantar da ita a kan busasshiyar ciyawa. Ɗinkakkiya ta yi nishi, ta huta, ta yi nishi, ƙarfin bai kai ba. Ƙafafu biyu ƙanana suka leƙo suka tsaya. Matar Tela ba ta san yadda ake yi ba. Ta kama su da hannu biyu, duk santsi, tana jira sai uwar ta yunƙura sannan ta ja, tana kiran sunan Allah, tana kiran Tela, tana ba tunkiyar haƙuri. Ɗan ya sulluɓo a cinyarta, ɗan mitsitsi, mace. Ta share mata hanci da bakin zane. Shiru. Ta murza ta da ciyawa, ta hura mata iska a baki. Sai 'yar ta yi atishawa, ta girgiza kunne.

Ta kai ta gaban uwar. Ɗinkakkiya ta miƙo harshe ta lashe ta sau ɗaya, ta so ta ƙara, kan ya koma ƙasa. Ƙafafunta suka fara shure-shure a hankali, numfashin yana fita da ƙara, yana daɗewa bai dawo ba. Matar Tela ta sa babban yatsa ta ja fatar idon. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe, ta je har zaure da ƙafarta.

"Mai Wuƙa."

Ya ɗago.

"Shigo da wuƙar."

Ita ta riƙe kan, tafinta a kan kunnen mai ɗinki. Ba ta kau da fuska ba. Abin da ya zubo bai yi tsartuwa ba, gangarowa ya yi, tsararo, ruwan yayyafi ya haɗu da shi a ƙasa har ba a gane wanne ne wanne. Mai Wuƙa ya goge wuƙar a ciyawa, ya ga babu ma abin gogewa sosai, sai ya juya baya kafaɗunsa suna motsi.

"Shekara nawa ina yanka," ya ce, "ban taɓa..." Bai ƙarasa ba.

Nan ne kukan ya zo mata, wanda ba ta yi ba ranar da aka fita da Tela. Ta yi shi a durƙushe a cikin laka, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suka koma.

'Yar ce ta katse ta, tana ta kuka siriri tana tuntuɓe da ƙafafunta, tana neman nono a jikin zanen matar Tela. Mai Wuƙa ya share ido, ya kamo tunkiyar nan da ta zubar da ciki, ya taɓa hantsarta ya ji da sauran ruwa. Tunkiyar ta yi ta harbi, ya matse ta a bango.

"Tsaya mana, uwar rowa. Ke ma gidan nan kika ci gishiri."

Da ƙyar 'yar ta kama. Wutsiyarta ta fara kaɗawa.

Da ta ƙoshi matar Tela ta ɗauke ta, ta zauna a kan kwanon dusa, ta matse ta a tsakanin gwiwoyi. Yatsanta ya yi wa idon girma, sai da ta bi a hankali. Ta ja fatar ta leƙa. Launin da ta gani a fuskar mijinta ne a kan keken ɗinki, bai kai shi ƙarfi ba, amma shi ne.

"Yaya, me kika gani?" in ji Mai Wuƙa.

"Ja ne," ta ce, ta saki.